Tarihin Bita da Gwajin Kai a Fagen Karatu: Daga Zauren Malam Zuwa Ɗakin Bincike

1.0 Gabatarwa

Sanin kowane malami ne cewa ba koyar da ɗalibi ne abu mai wuya ba, a'a, zaman ilmin a kansa bayan an koyar. Sau da yawa akan sami ɗalibin da ya ci jarrabawar nahawu da kyakkyawan sakamako a ƙarshen zango, amma bayan wata uku in aka ce ya bambanta siffa da bayanau sai ya yi ta kame-kame. Wannan matsala ba yau ta soma ba, kuma ba a ƙasa ɗaya aka nemi maganinta ba.

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin dabaru guda biyu da aka daɗe ana yaƙar mantuwa da su. Ta farko ita ce gwajin kai, wato ɗalibi ya rufe littafi ya nemi fito da abin da ya karanta daga cikin kansa. Ta biyu ita ce bita mai tazara, wato komawa ga tsohon darasi lokaci bayan lokaci maimakon a tattara maimaicin duka a zama guda. Za a nuna cewa malaman Musulunci na da, da tsangayun ƙasar Hausa, da masu binciken Turai da Amurka, duk sun iso ga waɗannan dabaru ta hanyoyi daban-daban. Abin da masu binciken suka ƙara shi ne awo da alƙaluma.

2.0 Tsarin Magabata

Tun farkon Musulunci aka ɗauki riƙe karatu a matsayin aiki mai zaman kansa, dabam da koyonsa. Ya zo a hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito cewa an kwatanta mahaddacin Alƙur'ani da mai raƙuma ɗaurarru: in yana duba su sai su zauna, in ya sake su sai su tsere. Haka kuma ya tabbata cewa Mala'ika Jibrilu yakan yi bitar Alƙur'ani da Annabi (S.A.W.) sau ɗaya a kowane Ramalan, a shekarar ƙarshe kuwa sau biyu.

Wanda ya mayar da wannan ra'ayi ya zama jadawali shi ne Burhanuddin az-Zarnuji, malamin Asiya ta Tsakiya, almajirin marubucin littafin Hidaya na fiƙihun Hanafiyya. A farkon ƙarni na 13 ya wallafa Ta'alimul Muta'allim, ɗan ƙaramin littafin da har yanzu ake karantawa a zaurukanmu. A cikinsa ya shawarci ɗalibi da ya maimaita darasin jiya sau 5, na shekaranjiya sau 4, wanda ya gabace shi sau 3, sa'an nan sau 2, sa'an nan sau 1.

In aka yi wa wannan jadawali lissafi sai a ga hikimarsa. Kowane darasi zai sami maimaici 15 bayan ranar da aka ɗauke shi, amma a rarrabe cikin kwana 5. Nauyin bitar da ke kan ɗalibi a kowace rana kuwa ba ya ƙaruwa: kullum 15 ne, ko ya shekara goma yana karatu. Daɗin daɗawa, darasin da ya fi kusa, wanda bai riga ya kafu ba, shi ya fi samun kulawa.

Zarnuji bai tsaya ga maimaici ba. Ya ƙarfafa abin da ya kira muzakara da munazara da muɗaraha, wato ɗalibai su zauna su riƙa jefa wa juna tambayoyi, ya kuma fifita ɗan lokaci kaɗan na irin wannan zama a kan doguwar maimaitawa. Ya hana ɗalibi rubuta abin da bai fahimta ba. Ke nan a littafi guda an haɗa tazara da gwaji da fahimta. An buga fassarar littafin cikin Latin a Holan a 1709, amma ba daga nan binciken Turawa na baya ya taso ba.

3.0 Tsangaya a Ƙasar Hausa

A ƙasar Hausa da Barno, inda wannan tsari ya fi bayyana shi ne makarantar allo da tsangaya. An raba Alƙur'ani izu 60, kowane izu kuma sumuni 8, wato sumuni 480 ke nan. Wannan rabo shi ne ma'aunin da ake auna ƙari da bita da shi.

Abu na farko da ya kamata a lura da shi shi ne allon kansa. Allo ba ya ajiye karatu, domin wanke shi ake yi. Almajiri ba ya wankewa sai ya biya a gaban malam an gamsu, kuma da zarar ya wanke, abin da ke rubuce ya tashi daga katako ya koma wuyansa. Takarda tana da tsada a da, cikakken Alƙur'ani kuma ba kowa ke da shi ba. Ƙarancin kayan aiki shi ya tilasta wa almajiri ya riƙa nemo karatu daga kansa, ba daga shafi ba.

Abu na biyu shi ne yadda harshen tsangaya ya bambanta matakan aikin. Akwai ƙari, wato sabon darasi. Akwai hadda, wato shigar da shi ka. Akwai tilawa, wato kewaya abin da aka riga aka haddace don kada ya zube. Akwai tishe, wato sake bin karatun daga farko bayan an sauke, kamar yadda mace kan maimaita niƙa don gari ya yi laushi. Al'ummar da ta ware wa kowane mataki sunansa ta riga ta gane cewa shigar da karatu dabam, tsare shi dabam. Mahaddacin da ke tilawar izu 2 kullum yana komawa kan kowace aya sau ɗaya a wata. Mai bin rabon kwana bakwai kuwa sau ɗaya a mako. Wannan ita ce bita mai tazara, ko da ba a kira ta da wannan suna ba.

Abu na uku shi ne tsananin gwaji. Gardin da ya haddace yakan shiga satu, wato ya rubuta karatu a allo da ka, ba tare da duba Alƙur'ani ba, sa'an nan ya kai darasu inda alarammomi za su bi rubutun baƙi da wasali su fito da kurakuransa. Ƙarshen wannan hanya shi ne mutum ya rubuta Alƙur'ani sukutum da ka a takarda. A zaman musaffa kuma mahaddata kan karanta bi da bi, kowa yana sauraren ɗan'uwansa, in ya yi tuntuɓe a ɗaga shi nan take. Irin wannan gwaji ne aka mayar da shi gasa a musabaƙar ƙasa da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ta fara shiryawa a 1986, inda alƙali kan ɗauko aya daga ko'ina ya ce ɗan takara ya ci gaba.

4.0 Awon Mantuwa a Jamus

A Turai ma masu tunani sun lura da amfanin gwajin kai. Francis Bacon na Ingila ya ambata a 1620 cewa wanda ya karanta rubutu sau goma yana ƙoƙarin biya shi da ka a tsakani, ya fi saurin haddacewa a kan wanda ya karanta sau ashirin bai ɗaga kai ba. Sai dai wannan lura ce kawai, ba awo ba.

Wanda ya fara auna mantuwa shi ne Bajamushen nan Hermann Ebbinghaus (1850–1909). Da yake yana son abin haddacewa wanda bai taɓa sani ba, sai ya ƙirƙiri gaɓoɓi marasa ma'ana kimanin 2,300 masu tsarin baƙi-wasali-baƙi, wato irin abin da muke kira rufaffiyar gaɓa a nazarin Hausa. Shi ne mai bincike, shi ne kuma wanda ake bincike a kansa. Yakan haddace jerin gaɓoɓi har ya iya biya shi ba kuskure, ya bari wani lokaci ya wuce, sa'an nan ya sake haddace shi, ya duba yawan rangwamen wahalar da ya samu a karo na biyu. Wannan rangwame shi ne ma'aunin abin da ya rage a kansa.

Sakamakon da ya buga a 1885 ya nuna cewa bayan kimanin minti 20 rangwamen kashi 58 cikin 100 ne, bayan sa'a guda kashi 44, bayan kwana guda kashi 34, bayan kwana 6 kashi 25, bayan kwana 31 kuwa kashi 21. Wato mantuwa da gudu take farawa, sa'an nan ta koma tafiyar hawainiya. Mafi yawan hasarar a ranar farko ake yin ta, abin da ya yi daidai da fifikon da Zarnuji ya ba darasin jiya.

Ebbinghaus ya kuma gano cewa ga jerin gaɓoɓi 12, maimaici 38 da aka rarraba cikin kwana 3 ya yi daidai da maimaici 68 da aka yi a zama guda. Tazara ta rage kusan rabin aikin ke nan. A 1897 Adolf Jost ya ƙara da cewa in abubuwa biyu suna da ƙarfi ɗaya a ƙwaƙwalwa, wanda ya fi daɗewa shi ya fi amfana da sabon maimaici. Ya kamata a tuna cewa alƙaluman Ebbinghaus na mutum ɗaya ne, kuma na abin da ba shi da ma'ana. Abu mai ma'ana ya fi jinkirin zubewa. Duk da haka, da wasu masu bincike a Holan suka maimaita gwajin suka buga a 2015, sun sami sakamako mai kama da nasa ƙwarai.

5.0 Gwajin Kai a Makarantun Amurka

Daga ɗakin bincike sai magana ta koma aji. A 1917 Arthur Gates na Jami'ar Kolombiya ya ba yaran makaranta gaɓoɓi marasa ma'ana da gajerun tarihin rayuwar mutane su koya. Lokacin da aka ba kowa ɗaya ne, bambancin kawai shi ne yadda aka raba shi tsakanin karantawa da biyawa da ka. Sakamako mafi kyau ya fito ne daga yaran da suka ba biyawa kashi 60 zuwa 80 cikin 100 na lokacinsu. Wato wanda ya fi daɗewa idonsa na kan takarda ba shi ne ya fi riƙewa ba.

A 1939 Herbert Spitzer ya yi gwaji mafi girma a jihar Iowa da yara 3,605 'yan aji shida. An ba su bayanai biyu su karanta, ɗaya a kan gyaɗa, ɗaya a kan gora, sa'an nan aka kasa su rukuni-rukuni aka yi musu tambayoyi a lokuta daban-daban har zuwa kwana 63. Rukunan da aka yi wa gwaji jim kaɗan bayan karatu sun riƙe abin da suka koya har makonni, alhali ba a nuna musu amsa ba, ba a kuma sake ba su takardar ba. Waɗanda aka jinkirta wa gwajin farko kuwa sun yi hasara mai yawa. A nan aka ga cewa jarrabawa ba ma'auni ba ce kawai: ita kanta koyarwa ce.

Abin mamaki shi ne wannan sakamako bai sauya komai a makarantu ba. An ci gaba da ɗaukar jarrabawa a matsayin hanyar ba da maki, binciken ya yi shekaru da dama kwance a mujallu.

6.0 Daga Akwati Zuwa Kwamfuta

Waɗanda suka ɗauki maganar da muhimmanci su ne masu koyar da harsuna da masu karatun kansu. A 1932 C. A. Mace na Ingila ya ba da shawarar a riƙa faɗaɗa tazarar bita: kwana 1, kwana 2, kwana 4, kwana 8, haka har gaba. A 1967 Paul Pimsleur ya tsara wa masu koyon harshe jadawalin da ya fara daga daƙiƙa 5, zuwa daƙiƙa 25, zuwa minti 2, yana ta ninkawa har shekara 2.

A 1972 ɗan jarida Sebastian Leitner ya wallafa littafi da Jamusanci inda ya bayyana dabarar akwati mai gida biyar. Akan rubuta tambaya a fuskar kati, amsa a bayansa. Sabon kati a gidan farko yake zama, wanda ake dubawa a kai a kai. In ɗalibi ya amsa daidai sai katin ya matsa gida na gaba, wanda ba a cika dubawa ba. In ya kasa sai ya dawo da shi gidan farko, ko daga ina yake. Ta haka abin da ya gagara ya fi cin lokaci, abin da ya zauna kuma a sarara masa. Wannan akwati ya haɗa gwajin kai da tazara a cikin kayan aiki guda.

A 1987 wani ɗalibi a ƙasar Polan, Piotr Woźniak, ya mayar da irin wannan lissafi cikin kwamfuta da manhajar SuperMemo, wadda ke sanya wa kowane kati ranar bitarsa gwargwadon sauƙi ko wuyar da ɗalibi ya ji wajen amsa shi. A kan tsarinta aka gina Anki a 2006, wadda ɗaliban likitanci da masu koyon harsuna ke amfani da ita a ƙasashe da yawa.

7.0 Farfaɗowar Bincike

A 1993 Harry Bahrick da iyalinsa, su huɗu, suka buga sakamakon gwajin da suka yi a kan kansu na tsawon shekaru. Kowannensu ya koyi kalmomi 300 na baƙon harshe. Sun gano cewa zaman bita 13 da tazarar kwana 56 ya yi daidai da zama 26 da tazarar kwana 14. Doguwar tazara takan sa koyo ya yi nauyi a lokacin, amma abin ya fi daɗewa.

Binciken da ya fi tayar da ƙura shi ne na Henry Roediger da Jeffrey Karpicke a 2006. Sun ba ɗaliban jami'a wani gajeren bayani. Rukuni ɗaya ya karanta shi a zama huɗu. Wani rukunin ya karanta a zama ɗaya, sa'an nan a sauran zama ukun aka karɓe takardar aka ce kowa ya rubuta abin da ya tuna. Da aka gwada su bayan minti 5, masu maimaita karatu sun tuna kashi 83, masu gwaji kashi 71. Bayan mako guda kuwa sai reshe ya juye da mujiya: masu maimaita karatu kashi 40, masu gwaji kashi 61. Wani abin lura shi ne masu maimaita karatun su ne suka fi tabbata a ransu cewa za su tuna.

A nan asirin matsalar yake. Maimaita karatu yana sa ido ya saba da shafi, sai ɗalibi ya ɗauki sabo a matsayin sani. Gwajin kai kuwa yana tona masa inda ya gaza, ga shi da ɗaci, saboda haka sai ya guje shi. A 2008 masu binciken nan biyu suka sake gwadawa da kalmomin Suwahili 40: waɗanda aka ci gaba da tambayarsu kalmomin bayan sun iya sun tuna kimanin kashi 80 bayan mako guda, waɗanda aka daina tambaya kuwa kimanin kashi ɗaya bisa uku. A 2013 John Dunlosky da abokan aikinsa suka auna dabarun karatu guda 10. Biyu kaɗai suka sami babban matsayi: gwajin kai da bita mai tazara. Maimaita karatu da ja wa jimla layi, waɗanda ɗalibai suka fi so, suna cikin na ƙasa.

8.0 Matsayin Makarantun Boko

Tun daga makarantar da Ɗan Hausa, wato Hanns Vischer, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, ilmin boko ya zo da nasa tsari: manhaja, da zango, da jarrabawar ƙarshe. Ya kawo alheri mai yawa, amma bai zo da wani abu da zai tsaya a matsayin tilawa ba. Darasin da aka wuce an wuce shi ke nan sai daren jarrabawa. A jami'a abin ya fi tsanani, domin kwas yakan ƙare da zangonsa, ɗalibi ya sauke kayan ya ɗauki wasu. Hausawa kuwa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Bugu da ƙari, 'yan boko da yawa sun yi wa tsangaya kuɗin goro, suka kira dukkan tsarinta haddar aku. Akwai gaskiya a cikin sukar: a matakin farko almajiri lafazi yake riƙewa, ma'ana sai ya je makarantar ilmi, kuma horo mai tsanani da halin ƙuncin da almajirai da yawa ke ciki abubuwa ne da ba za a kare ba. Amma wajen watsar da hadda marar fahimta sai aka haɗa da tilawa da satu da muɗaraha, alhali waɗannan ba su da laifi. Gwajin kai bai taƙaita ga lafazi ba. A 2011 Karpicke da Janell Blunt sun nuna cewa yana taimakawa har ga tambayoyin da ke bukatar ɗalibi ya haɗa bayanai ya fitar da hukunci da kansa.

Ba a ce tsarin da da na yanzu abu ɗaya ne ba. Zarnuji yawan maimaici yake ragewa kullum, Leitner da Woźniak kuwa tazara suke faɗaɗawa. Tilawa kewaye take yi da tazara madaidaiciya, ba ta bambanta aya mai wuya da mai sauƙi sai in mahaddaci ya ware da kansa. Amma tushen ɗaya ne.

9.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta bi tarihin dabaru biyu daga ƙarni na 13 zuwa yau. An ga cewa abin da Zarnuji ya tsara, alarammomi suka aikata, shi ne masu bincike suka auna daga 1885 zuwa yanzu: ilmi yana zama ne in ana fito da shi daga ka, kuma in ana komawa gare shi bayan an ba shi tazara.

Aikin da ya rage na malamai ne, kuma ba ya bukatar kuɗi. Malamin nahawu ko adabi yana iya buɗe kowane darasi da tambayoyi uku ko huɗu, ɗaya daga darasin da ya gabata, ɗaya daga makon jiya, ɗaya daga watan jiya, a amsa littafi a rufe, a gyara nan take, ba tare da maki ba. Ɗalibin babban digiri yana iya rufe maƙalar da ya karanta ya rubuta hujjojinta da ka, sa'an nan ya buɗe ya duba inda ya kauce, ya sake yin haka bayan mako guda. Masu tsara manhaja kuma ya kamata su bar wa tsohon darasi gurbi a cikin sabon zango. Ga manazarta harshe da al'ada kuwa, akwai fage a buɗe: tattara kalmomin tsangaya da jadawalin tilawar alarammomi daga bakinsu, gari-gari, a rubuta su tun masu su suna raye.